Cizon kare: gado ne ko tarbiyya?

A Maraɗi, Damagaram da Yamai, ƴan kasuwa da manyan ma'aikata da dama suna ajiye kare domin tsaron gida ko kanti, wasu ma kiwo suke yi su sayar da ƴaƴan. Amma karen da aka ajiye don ɓarawo shi ne wani lokaci yake yayyaga ɗan maƙwabci. Shin kare gadon mugun hali yake yi, ko kuwa a hannun mai shi yake koyo?

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma bincike bai ƙaryata su ba. A shekarar 1959 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Belyaev, ya soma gwaji a Novosibirsk da yanyawa, wadda danginsu ɗaya da kare. Ya dinga zaɓen masu sanyin hali kaɗai yana haɗa su barbara. Ba a daɗe ba sai ga zuriyarsu na kaɗa wutsiya suna neman mutum. Daga baya aka ware masu zafin rai, tasu zuriyar ta fito tana kai wa mutane farmaki. Ashe tsoro da saurin fushi suna bin jini.

Sai dai sunan irin kare bai isa shaida ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, kan karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa iri yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Ƙasar Holan ta haramta irin da ake kira pitbul a 1993, ta soke dokar a 2008 domin cizo bai ragu ba.

Tarbiyya na da babban kaso. Tun 1965 masanan Amurka Scott da Fuller suka nuna cewa tsakanin mako 3 da 12 ne kwikwiyo yake sabawa da mutane. Wanda ya tashi a ɗaure, cikin duka da yunwa, matsoraci yake zama, kuma matsoracin kare ya fi saurin cizo. Dubi karen Azawak na Abzinawa, arewa da Tawa: ba ya sakin jiki da baƙo, amma da yake cikin mutanen zango ya girma, ya san nasa.

Don haka mai kiwo kada ya bar karen da ke cizo ba dalili ya haihu, kome kyansa da tsadarsa. Mai saye kuma ya nemi ganin uwar, in da hali har uban, kafin ya biya. In uwar ta ɓuya tana gurnani, ya haƙura. Karen da halinsa ya sake farat ɗaya kuwa, a hanzarta kiran likitan dabbobi, domin ciwo ko haukan kare na iya zama sanadi.