Inda Hannun Hukuma Ya Gajarta, Me Ke Riƙe Da Gari?

'Yan'uwa manoma, ba mu manta da shekarar 2021 ba. An kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, an ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Da watan Satumba ya kama, sai gwamnati ta yanke layin waya, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. Kasuwa ta daina ci, amma ba a daina ɗora tukunya ba. To, ta yaya?

Da bashi aka yi, da amana. Mai shago ya ba da gishiri da sabulu sai an samu. Dillali ya auna shinkafa a zaure. Direba ya ɗauki saƙon kuɗi a aljihu ya kai, ba takarda ba shaida. Mata ba su fasa zubin adashi ba. Duk wannan ya yiwu domin kowa ya san gidan uban kowa, wanda ya ci amana kuma ba ya da inda zai sa kansa gobe.

Mu a nan mun daɗe da koyon haka. An gama dam na Bakolori a 1978 don shayar da kadada kamar 23,000. A Afrilun 1980 'yan sanda suka harbe manoma da yawa da ke neman diyyar gonakinsu. Daga baya injunan feshin ruwa suka lalace, aka bar su. Abin da ya ci gaba da aiki shi ne ƙananan hanyoyin ruwa, waɗanda manoma ke yashewa da gayya.

Akwai ƙasar da ta ga abin da ya fi namu, wato Somaliya. A 1991 gwamnatin Siyad Bare ta faɗi, aka yi shekaru ba hukumar da ke iko da dukan ƙasar. Duk da haka fatake suka ci gaba da kai tumaki da raƙuma ƙasar Makka ta tashar Berbera. Wanda ke aiki a Ingila yakan ba wakili kuɗi a can, wani wakili ya biya mahaifiyarsa a ƙauye. Dangi ne shaidar mai karɓa.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne shari'arsu ta gargajiya. Kowane mutum yana cikin wani rukuni na dangi da suka yi alkawarin biyan diyya tare, su karɓa tare. In ɗayansu ya yi kisa, dukansu ne za su haɗa raƙuma, bisa al'ada ɗari don ran namiji. Saboda haka dattijo yakan tsawata wa yaronsa tun bai ɗauki makami ba, don ya san garkensa ne zai ragu. Da irin wannan zama ne dattawan arewacin ƙasar suka taru a Borama a 1993, suka yi watanni suna magana, har suka kafa mulkin Somaliland.

Kada mu ruɗi kanmu, su ma sun sha wuya. Yunwar 2011 ta kashe mutane fiye da 250,000, dangi ba su iya tare ta ba. Ƙananan kabilu manoma na kudu, marasa ƙarfin dangi, su suka fi jin jiki.

Haka yake a nan. Gayya tana yashe ƙaramar hanyar ruwa, ba ta gyara babbar. Wannan sai da aikin TRIMING na gwamnati da rancen Bankin Duniya. Kuɗin da ƙauye ke haɗa wa 'yan bindiga don a bar shi ya yi girbi kuwa, kada a kira shi sulhu irin na Borama. A can kowane ɓangare yana da dattawan da za a kama in an saɓa. A nan in an biya wannan daba, gobe wata ta zo, ba kuma wanda ya tsaya mata.