Tony Mmoh: Kocin Da Riyad Ta Mora

A gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seul, 'yan Nijeriya uku ne suka riƙe raket a wasan tanis: Nduka Odizor, Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi. Mmoh, wanda aka haifa a 1958, ya taɓa kai matsayi na 105 a duniya. Da ya ajiye wasa bai zauna gida ya koyar da yaranmu ba. Saudiyya ce ta ɗauke shi, ya horar da 'yan wasanta, kuma a Riyad aka haifa masa Michael a 1998. Wannan ɗa Amurka yake wa wasa, shi ne ya doke Alexander Zverev a gasar Ostareliya ta 2023. Rashin ɗan wasa asara ce ta shekara goma, amma rashin koci ya fi ciwo, domin shi ne zai tsaya bayan yaro ya gyara masa riƙo, ya ce karkata kafaɗa, sake bugawa, har hannu ya faɗa.

Shi ya sa nake ganin Dutsin-Ma ta dace da aikin samar da masu koyar da tanis a gida. Garin na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai yaye malaman da ake turawa makarantun yankin da ƙauyukansa. Tsohon ɗan wasa guda, in aka ba shi albashin kirki da filin siminti da raga, malaman zai horar, su kuma su kai wasan inda ƙafarsa ba za ta taka ba.

Za a ce tanis wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. To Odizor da tsintar ƙwallo ya fara a kulob ɗin Ikoyi, kuma a 1983 ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. Za a kuma ce yankin da 'yan bindiga suka hana noma ina shi ina raket? Wannan magana tana da nauyi, ba a raina ta. Sai dai filin a cikin makaranta yake, bayan katanga, kuma yaran da aka raba da gona suna nan cikin gari, la'asar ta yi ba su da abin yi. Wanda ya ƙware ma ba sai ya nemi biza ba, Kano ce ke shirya gasar Dala, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.