Ba Kowane Zazzaɓi Ne Maleriya Ba: Darasi Daga Potiskum

A unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum, kamar sauran garuruwan Arewa, idan jikin yaro ya yi zafi, kemis ake fara nufa. A sayo maganin maleriya, in bai yi ba a ce taifot ce. Kafin a kai ga asibiti, ciwo ya ci ƙarfin mara lafiya.

Jama'ar wannan yanki sun san abin da zazzaɓi kan ɓoye. A watan Fabrairun 2024, sanƙarau ya yi ajalin ɗalibai 20 a makarantun kwana na Potiskum, Fika da Fune. Cutar kan fara da zafin jiki da ciwon kai, tamkar maleriya, kuma gwajin ruwan ƙashin baya ne ke tabbatar da ita.

Binciken asibitoci ya daɗe yana jan hankali kan haka. Wani nazari da aka wallafa a 2014 kan yara 1,005 masu zazzaɓi a Tanzaniya ya gano cewa kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke da maleriya. Galibinsu cututtukan numfashi ne. A gida kuwa, binciken BARNARDS na 2015 zuwa 2017, wanda ya haɗa da Asibitin Murtala Muhammad na Kano da Asibitin Ƙasa na Abuja, ya nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke shiga jinin jarirai sun bijire wa magungunan da aka saba fara ba su. Haka manya: gwajin Widal da ake dogaro da shi wajen taifot yakan nuna cuta inda babu ita.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. To, idan gwajin ya nuna babu maleriya fa? Nan ne likita ke buƙatar ɗakin gwajin da zai iya rainon ƙwayar cuta daga jini na kwana biyu ko uku, da wutar lantarki mai ɗorewa, da ƙwararrun ma'aikata.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Masu tsara kasafi a Abuja su tuna: jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya yi zazzaɓi, ba ya jiran gobe.