Adarbisinat a idon masu mafarkin ci-gaba

A shekara ta 1863 wani marubucin Faransa, Jules Verne, ya fitar da littafin da ya fara yi masa suna, «Cinq semaines en ballon», wato mako biyar cikin balan-balan. Labarin Turawan Ingila uku ne da suka tashi daga Zanzibar suka ratsa Afirka ta sama har kogin Senegal. Bayan sun wuce tabkin Cadi, iska ta kai su Tagelel cikin Damargu, daga nan ta kora su arewa, suka kwana kusa da Agadas. Duk wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Agadas ya san cewa wajajen Adarbisinat ne suka ƙetare. Verne bai taɓa taka ƙasar nan ba. Abin da ya sani ya tsinto shi ne daga rubutun Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Agadas a 1850.

Irin waɗannan littattafai, da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, sun tsaya bisa imani guda: na'ura za ta rinjayi nisa da ƙishirwa, kuma gobe za ta fi yau. Shugaban tafiyar, likita Fergusson, har hasashe ya yi cewa in ƙasar Turai ta gaji da noma, wata rana Afirka ce za ta ciyar da duniya. Magana mai daɗin ji. Sai dai a lissafinsa baƙi ne za su zo su yi aikin, su kuma ci moriyarsa. Makiyayin da ke bakin rijiya da raƙumansa, daga sama ɗigo ne kawai, babu wanda ya tambaye shi abin da yake so. Abokin tafiyarsa Kennedy shi ne ya nuna shakka, yana tsoron kada yawan ƙera na'urori ya hallaka masu ƙera su.

Shakkar nan ta yi ta girma. A «L'Invasion de la mer» na 1905, injiniyoyi na son malalo ruwan teku cikin hamadar Tunisiya da Aljeriya, Abzinawa kuwa suka ɗauki makami don kare wuraren zamansu. Littafin «L'Étonnante Aventure de la mission Barsac», wanda ɗansa Michel ya rubuta mafi yawansa, aka buga shi a 1919, ya ma fi tsanani: wani ɗan fashi ya gina birni mai suna Blackland cikin Sahara, ba nisa da kogin Isa, inda injiniya ke saukar da ruwan sama da na'ura. Gonaki sun yi kore shar, amma bayi ne ke noma su, shi kuma injiniyan ya dulmuya cikin bincikensa bai san ɓarnar da ake yi da iliminsa ba.

Mutanen jihar Agadas ba su buƙatar a fassara musu wannan. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, birni ya tsiro inda babu komi sai rairayi. Aka shimfiɗa gudron daga Tawa zuwa Arlit don fitar da ma'adinin, aka gina tashar gawayi ta SONICHAR a Cirozerin don bai wa ma'adinai lantarki. Ita kuwa hanyar da ta bi ta Adarbisinat, mai nisan kilomita wajen 160 kudu da Agadas, ta daɗe matafiya na kuka da ita, har bayan da garin ya zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Arzikinsa dabbobi ne, kuma a nan ana auna ci-gaba da zurfin rijiya da nisan asibiti.

Wani abin mamaki, abin da ya kai sunan garin cikin mujallun kimiyya ya fi kowace na'ura tsufa. Tsakanin 2005 da 2007 masana daga Jamus da Ispaniya suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da a yankin, aka raɗa mata suna Spinophorosaurus nigerensis a 2009. An kwashi ƙasusuwan zuwa biranen Braunschweig da Elche domin nazari.