BABI NA UKU: KAYAN MIƘE ƘAFA NA TAFI-DA-GIDANKA DA YADDA AKE AMFANI DA SU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan motsa jiki da muhimmancinsa ga rayuwar ɗan Adam. A wannan babi kuwa, za a dubi wasu ƙananan kayan aiki waɗanda aka ƙera musamman domin miƙe tsokokin ƙafa da sassauta gaɓoɓinta. An kira su na tafi-da-gidanka ne saboda ba su da nauyi, ba a kafe su a wuri ɗaya, mutum yana iya sa su a jaka ya tafi da su filin wasa ko wurin aiki. Za a fara da ma'anar miƙa, sa'an nan a bayyana yadda tsoka take amsa ta, a kawo ire-iren kayan da ƙa'idojin amfani da su. Daga ƙarshe za a rarrabe tsakanin abin da bincike ya tabbatar game da su da kuma abin da ake faɗa kawai.

3.1 Ma'anar Miƙa da Laushin Gaɓoɓi

Miƙa a wurin Bahaushe ita ce wadda mutum yake yi idan ya tashi daga barci ko ya gaji da zama, wadda sau da yawa takan zo tare da hamma. A fagen motsa jiki kuwa, ana nufin jan wata tsoka da gangan har ta kai iyakar tsawon da ta saba, a tsayar da ita a haka na wani ɗan lokaci. Laushin gaɓoɓi shi ne iyakar inda gaɓa za ta iya lanƙwasuwa ko miƙewa ba tare da ciwo ba, kuma da digiri ake auna shi. Alal misali, lafiyayyen baligi idan ya kwanta rigingine yakan iya ɗaga ƙafarsa a miƙe zuwa wajen digiri 70 ko 80.

Rukunin tsoka huɗu ne aka fi kulawa da su a ƙafa. Akwai tsokoki uku na bayan cinya, waɗanda suka taso daga ƙashin mazaunai suka sauka ƙasan gwiwa. Akwai guda huɗu na gaban cinya masu miƙe gwiwa. Akwai na cikin cinya daga matsematsi, masu haɗe ƙafafu wuri ɗaya. Sai kuma na sha-raɓa, waɗanda suka haɗu a agara suka kama dunduniya. Ya kamata a lura cewa kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin laka da sassan jiki. Domin kauce wa ruɗani, a wannan babi za a kira ta biyu jijiyar tsoka, ta uku kuma jijiyar laka.

Hanyar da ta fi shahara wajen gwada laushin bayan cinya ita ce wadda Katharine Wells da Evelyn Dillon suka bayyana a Amurka a shekarar 1952. Mutum zai zauna ya miƙe ƙafafunsa, ya dogara tafin ƙafa jikin akwati, ya sunkuya gaba, a auna inda yatsun hannunsa suka kai.

3.2 Yadda Tsoka Take Amsa Miƙa

A cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan ma'aunai masu siffar mazarin kaɗi, waɗanda aikinsu shi ne sanar da laka yadda tsokar take ƙara tsawo da saurin da take yi. Idan aka fizgi tsoka farat ɗaya, sai waɗannan ma'aunai su aika saƙo, laka kuma ta umarci tsokar da ta takure don kare kanta. Wannan shi ne abin da likita yake gwadawa idan ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta zabura. Ke nan duk wanda yake miƙa da fizga, yana faɗa ne da jikinsa. Idan kuwa aka ja a hankali aka tsaya, sai takurewar ta lafa, tsokar ta saki.

A da an ɗauka cewa yawan miƙa yana ƙara wa tsoka tsawo ne kamar yadda jima take sassauta fata. Amma a shekarar 1996 Peter Magnusson da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun gwada mutanen da suka yi mako uku suna miƙe bayan cinya. Sun tarar cewa ƙafar ta ƙara nisan ɗagawa, amma taurin tsokar bai sauya ba. Watau abin da ya ƙaru shi ne juriyar mutum ga jin jan. Wannan ne ya sa ake samun ci gaba cikin 'yan makonni, kuma shi ya sa ci gaban yake zubewa idan aka daina.

3.3 Ire-iren Kayan Miƙe Ƙafa

3.3.1 Ɗamarar Miƙa

Wannan ita ce mafi sauƙi da araha. Doguwar ɗamara ce ta auduga ko nailan, tsawonta daga kamar mita 2 zuwa 3, wata da zobban ƙarfe a bakinta, wata kuma da madaukai jere a jikinta. Wanda ya yi fice wajen yaɗa amfani da ita shi ne B.K.S. Iyengar, malamin yoga na ƙasar Indiya, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2014. A cibiyarsa da aka buɗe a birnin Pune a 1975, ya riƙa amfani da ɗamara da tubalan katako domin marasa lafiya da tsofaffi su iya yin abin da jikinsu ba zai kai ba.

Yadda ake amfani da ita shi ne, mutum ya kwanta rigingine, ya rataya ɗamarar a tafin ƙafa ɗaya, ya riƙe bakinta biyu, ya jawo ƙafar sama a miƙe har ya ji ja a bayan cinya. Fa'idarta ita ce gadon baya yana kwance a ƙasa, don haka nauyin bai hau kan kwankwaso ba kamar yadda yake faruwa idan mutum ya sunkuya a tsaye. Haka kuma idan aka kwanta rubda-ciki aka rataya ta a idon sawu aka jawo ta bisa kafaɗa, gaban cinya ne zai miƙe. Wanda bai da ita yana iya amfani da tawul ko rawani ko majanyi, muddin ba mai talewa ba ne.

3.3.2 Robar Ja

Wannan faffaɗar roba ce mai talewa, wadda ma'aikatan gashin ƙashi suke yawan bai wa majinyata. Mafi shahara ita ce samfurin Thera-Band ta Amurka, wadda aka bambanta ƙarfinta da launi: rawaya ta fi ja laushi, ja ta fi kore, daga nan sai shuɗiya, sai baƙa, har zuwa mai ruwan azurfa da mai ruwan zinariya. Bambancinta da ɗamara shi ne, ita tana mayar da ƙarfi, saboda haka ta fi dacewa da ƙarfafa tsoka, musamman bayan targaɗen idon sawu. Illarta biyu ce. Zafin rana yana cinye ta har ta tsinke ta ɗalli mutum a fuska ko ido, sa'an nan akwai waɗanda fatarsu ba ta jituwa da ɗanyar roba.

3.3.3 Allon Gangare

Allo ne na katako ko roba mai tauri wanda gabansa ya fi bayansa tudu, wani ma ana iya ƙara ko rage gangarensa mataki-mataki. Mutum zai tsaya a kai, yatsu a sama dunduniya a ƙasa, nauyin jikinsa ya miƙe sha-raɓa da agara. Idan gwiwa tana miƙe, babbar tsokar waje ce take jawuwa, idan kuwa aka ɗan lanƙwasa ta, sai jan ya koma kan ta ciki. Muhimmancin wannan shi ne, tafiya ta yau da kullum tana bukatar idon sawu ya lanƙwaso sama wajen digiri 10. Ana amfani da allon wajen jinyar masu ciwon dunduniya irin wanda yake tsananta a takun farko na safiya. Kowane kafinta yana iya haɗa shi.

3.3.4 Sandar Buɗe Ƙafa

Sanduna uku ne na ƙarfe da aka haɗa a wuri ɗaya. Biyu na gefe ana dogara su a idon sawu, ta tsakiya kuma ana jawo ta da hannu, sai ƙafafu su yi ta buɗewa. Akwai babbarta mai kujera da sitiyari, wadda ake murzawa har ƙafafu su kusa digiri 180. 'Yan wasan karate da takwando da masu wasan alkafura ne suka fi neman ta. A takwando shurin kai ya fi na ƙirji maki, saboda haka buɗewar cinya jari ce ga ɗan wasa. A wannan wasa ne Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya samo wa Nijar ta azurfa a Riyo a 2016. Sai dai wannan na'ura ta fi sauran haɗari, domin ƙarfin da take bayarwa ya fi wanda tsokar matsematsi za ta iya hanawa. Bugu da ƙari, ƙirar ƙashin ƙugu ta bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma inda ƙashi ya tokare ƙashi babu na'urar da za ta ƙara buɗe shi.

3.3.5 Gungumen Soso

Mulmulallen soso ne mai tauri, kaurinsa kamar santimita 15, tsawonsa daga 30 zuwa 90. Ana ɗora cinya ko sha-raɓa a kansa a yi ta mirginawa. A haƙiƙa aikinsa ya fi kusa da tausa, amma yana ƙara sakewar gaɓa na ɗan lokaci, don haka ake lissafa shi cikin waɗannan kaya.

3.4 Ƙa'idojin Amfani da Kayan

A shekarar 2011 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta fitar da shawarwari ga baligai masu lafiya, waɗanda suka ƙunshi:

(a) A yi miƙa aƙalla kwana biyu ko uku a mako, amma yin ta kullum ya fi amfani.

(b) A tsaya a kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, tsofaffi kuwa 30 zuwa 60.

(c) A maimaita sau biyu zuwa huɗu, har jimillar ta kai daƙiƙa 60 ga kowace tsoka.

(d) A tsaya a inda aka ji ja ko ɗan matsi, kada a kai ga zafi.

(e) A ɗumama jiki tukuna da 'yar tafiya ko sassarfa.

Har ila yau akwai dabarar da za a iya kira matsa-ka-saki, wadda ta samo asali daga aikin Dokta Herman Kabat da Margaret Knott a Amurka a shekarun 1940, lokacin da suke jinyar masu shan inna. Idan ƙafa ta kai iyakarta, sai mutum ya tura ta jikin ɗamarar na daƙiƙa 3 zuwa 6 ba tare da ta motsa ba, ya saki, sa'an nan ya ƙara jawo ta kaɗan.

Wajibi ne a san alamar tsayawa. Idan aka ji zogi mai tsira, ko sagewa, ko wani abu kamar tafiyar kiyashi yana sauka zuwa yatsu, to babbar jijiyar laka da ta bi ta bayan cinya ce ake ja, sai a dakata. Mai sabuwar karaya ko gocewar ƙashi, da wanda aka yi wa aikin ƙugu, da mai gudan jini a sha-raɓa, da mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji, da mai amosanin jini da ke fama da ciwon ƙugu, duk bai kamata su taɓa waɗannan kaya ba sai da izinin likita.

3.5 Abin da Kayan Suke Yi da Wanda Ba Su Yi

Babu saɓani a kan cewa miƙa a kai a kai tana ƙara laushin gaɓoɓi, kuma akan ga sauyi cikin mako uku zuwa goma. Wannan yana da amfani ga direba da tela da ma'aikacin ofis waɗanda suke wuni a zaune, da kuma tsohon da tsuguno da sa takalmi suka fara gagararsa.

Amma akwai abubuwan da masu talla suke jingina wa kayan waɗanda bincike bai goyi bayansu ba. A shekarar 2000 Rodney Pope da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan kuratan soja 1,538 a Ostireliya. Kashi ɗaya suna miƙe ƙafa kafin atisaye, ɗaya kashin ba su yi, amma bayan mako 12 ba a sami wani bambanci na a zo a gani a yawan rauninsu ba. Haka nan a 2011 Robert Herbert da abokansa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka nuna cewa miƙa ba ta hana tsamin jikin da ke biyo bayan wasa. An kuma gano cewa tsayawa a miƙa ɗaya fiye da daƙiƙa 60 gab da gasa yana ɗan rage ƙarfin tsoka. Saboda haka ne masu horarwa suka fi son miƙa mai motsi kafin wasa, su bar ta tsaye sai bayan an tashi.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kayan miƙe ƙafa na tafi-da-gidanka mataimaka ne wajen riƙe ƙafa daidai da auna yawan jan da ake yi mata, kuma tsadar kaya ba ita ke kawo sakamako ba, tun da tawul yana iya yin aikin ɗamara. Abin da ke kawo sauyi shi ne dagewa da bin ƙa'ida. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne yaro ya fi babba laushin jiki, amma jikin babba ma yana karɓar horo idan aka bi shi a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. A babi na gaba za a dubi kalmomin da masu wasanni suke amfani da su wajen ambaton waɗannan kaya da sassan jikin da suka shafa.