Biki Sai da Kati: Ribar Rage Gayyata da Asararta a Kwaciri

A Kwaciri, kamar sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Fagge, a da ba a tambayar mace wa ya gayyace ta biki. Da ta ji guɗa a layi, ta hango rumfa da manyan tukwane a kan murhu, sai ta yafa mayafi ta shiga, ta kama yankan albasa ko wanke-wanke, in za ta tafi a ƙulla mata alkaki da cincin ta kai wa yara. Yanzu uwar amarya takan zauna da biro da takarda tun saura wata guda, tana rubuta sunaye tana sokewa. Wadda sunanta ya tsira za a aika mata da katin shiga. Wadda aka soke kuwa sai dai ta ga hotuna a WhatsApp.

Dalili na farko kowa ya san shi, domin kowa yana zuwa kasuwa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da 'yan canjin Wapa ke sayarwa wajen naira 750 ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Duk wanda ya shiga kasuwar Singa neman buhun shinkafa da jarkar mai da katan-katan na lemo, ko ya leƙa Kantin Kwari don atamfar lefe, ya ga abin da waɗannan alƙaluma ke nufi. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Jihar Kano naira 71,000 ne, ga kayan ɗaki, ga gara, ina zai sa kansa?

Amma tsada kaɗai ba ta isa ta bayyana lamarin ba. An sha yin tsada a ƙasar nan, ba a taɓa tsayar da ƙato a ƙofar gidan biki yana duba kati ba. Abin da ya canza shi ne wurin da ake yin bikin. Muddin a tsakar gida da ƙofar gida ake taro, tukunya ce ma'auni: in mutane sun ƙaru a ƙara ruwa a miya, a rage girman malmala, kowa ya samu. Da biki ya koma zauren haya, sai lissafi ya koma kan kai. Kujera da kuɗinta, faranti da kuɗinsa, robar ruwa da nata. A ɗauka, don misali, kowane baƙo zai ci naira 3,000. Mutum 500 sun tashi a miliyan ɗaya da rabi, mutum 200 kuma naira 600,000. Uban da ya ga wannan tazara ba zai ƙi soke sunaye ba, kuma ban ga laifinsa ba. Zama kusa da Sabon Gari ma ya taimaka. Mun daɗe muna ganin liyafar maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai, mai tebur da kati da jerin kujeru, kuma daga wajen Yarabawa muka aro anko. Sannan kullen korona na 2020 ya nuna wa mutane cewa ana iya ɗaura aure da mutum ƙalilan, a kai amarya, aure kuma ya zauna lafiya. Da yawa ba su manta da wannan sauƙi ba.

Ribar a fili take. Ana rage bashi, ana rage abincin da ke kwana ya lalace, ana rage ɓatan waya da jaka a cikin turmutsutsu. Ango da amarya sukan shiga gida da ɗan abin da za su fara rayuwa da shi.

Asarar ce ba a cika lissafawa ba, kuma kusan dukkanta a kan mata take sauka. Ɗaurin aure har gobe a buɗe yake: a masallaci ake yi ko a ƙofar gida, duk namijin da ya ji sanarwa zai tsaya, ya shafa fatiha, ya karɓi goro ko alawa. Inda ake soke sunaye shi ne kamu da wuni da dina, wato fagen mata. Ga mace kuwa biki ba cin shinkafa ba ne kawai. Asusu ne. Gudummawar da ta kai wa ƙawarta shekara biyar da suka wuce, kuɗi ce ko kwalla ko turmin zane, ajiya ce da take sa ran za ta dawo mata, sau da yawa da ƙari, ranar da za ta aurar da tata 'yar. Matar da ba ta da albashi, sai ɗan ƙullin gyaɗa ko ɗinkin hula, da wannan zagaye take haɗa kayan ɗaki. In aka daina gayyatarta, an cire ta daga zagayen ke nan. Ita ma uwar bikin da ta soke mutum 300 ta soke gudummawarsu, sai dai ba ta rubuta wannan a takardar lissafinta ba.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna: wa ake fara sokewa? Ba hajiyar da za ta yi liƙi ba, ba matar maigidan ango na kasuwa ba. Gwaggo ce ta ƙauye wadda ba ta da kuɗin anko, da maƙwabciyar da ta yi rainon amarya tana jaririya. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da akuya ɗaya ce, kuma ya kushe walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Sauƙin da addini ya kawo a kan yawan abin da za a kashe yake, bai ce a tace mutane da rariyar arziki ba. Na san gidajen da 'yan'uwa suka yi shekara ba sa gaisawa saboda kati ɗaya da bai iso ba. Mun ce zumunci a ƙafa yake, to yaya ƙafar za ta taka inda aka ce kada ta zo?

Akwai kuma masu cin abinci a gefen biki: mai hayar rumfa da kujeru a unguwa, mata masu girkin biki, mai zoɓo da kunun aya, almajiran da ke jiran ragowa. Kuɗin da suke samu ya koma aljihun mai zaure da mai ado da mai hoto.

Hukuma ta taɓa wani gefe na matsalar. Auren gatan da Hisbah ta shirya a Oktobar 2023 ya haɗa ma'aurata 1,800, gwamnati ta biya sadakin naira 50,000 ga kowace amarya. Wannan ya taimaki waɗanda ya shafa, amma bai shiga lissafin uwar amaryar da ke zaune da biro a Kwaciri ba.

A ganina ba yawan mutane ne ke cinye kuɗin biki ba, yawan ranaku da bidi'o'i ne. Kuɗin zaure na dare ɗaya da adonsa da kwalliyar amarya kala uku zai ciyar da layi guda a wunin gida. Iyayena mata, in ya zama dole a soke wani abu, ku soke dina, ku haɗa kamu da wuni a rana ɗaya, ku yafe anko. Ku bar sunan gwaggo da na maƙwabciya a takarda.