Mene ne sutudiyon gida, kuma da wane kaya ake fara shi a Guider?

Kalmar sutudiyo ta yawaita a bakin matasan Guider da Garwa, a arewacin Kamaru, masu saka bidiyo a TikTok da Facebook. Ɗaki ne, ko ma lungu guda na ɗaki, da aka keɓe don ɗaukar hoto da murya.

Kyamara ba ita ce farkon saye ba. Wayar Tecno ko Infinix da ke aljihu ta wadatar, in an kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku. Inda kuɗi ya fi amfani shi ne murya, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma ba ya jure ƙarar babura da kukan fanka. Ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga yana rage wannan sosai, labule da tabarma kuma suna shanye amsa-kuwwar bangon siminti.

Haske kyauta ne da safe, a gefen taga. Da dare sai fitilar LED mai batir: ba ta zafi sosai, abin da ke da muhimmanci a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya dogara da madatsar Lagdo, kuma duk da tashar hasken rana da aka gina a Guider, ajiye batirin cajin waya wajibi ne saboda ɗaukewar wuta. Manhajar CapCut tana tace bidiyo a waya, amma ɗora shi yana cin datar MTN ko Orange.

Masu amfana sun haɗa da mawaƙa, malamai masu wa'azi da teloli masu tallar ɗinki da Fulatanci ko Hausa.